Yadda nake rufe wa mota baki idan tana kai rahoton maigidanta

Wata Laraba da hantsi wani Alhaji ɗan kasuwa ya shigo garajinmu da farar jif 'yar Amurka, ƙirar 2019. Ko kashe ta bai yi ba ya yafito ni, ya nuna mini wani ɗan maɓalli a rufin ciki, dab da madubin tsakiya, wanda aka rubuta wa SOS. Ya ce, "Malam, ɗana da ke karatu a Yamai ya ce wannan abin yana faɗa wa Turawa duk inda na je. Gaskiya ne, ko shirmen yaran zamani?" Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki, kashe ta mu duba. Yaron bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maganar ba."

Daga ranar zuwa yau mutane da dama sun zo mini da irin wannan tambaya, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda yake bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da kuɗin kaya a mota, ko mai zuwa duba shanunsa wajen Madarunfa, ba ya son kowa ya san ranar fitarsa balle ta komowarsa. Na daɗe ina aikin wutar mota a nan Maraɗi, don haka bari in faɗi yadda nake yin wannan aikin, da abin da ke lalacewa idan aka yi shi da garaje.

A cikin motocin zamani akwai wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu girma ba sosai. Salula ce cikakkiya, allo kawai ta rasa. Tana da sim nata, amma ba irin wanda ake zarewa da farce ba, liƙe yake da dalma a jikin faranti. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata. Toyota da Lexus suna rubuta DCM, Ford na rubuta TCU, motocin GM irin su Chevrolet suna da OnStar, wanda ya fara aiki tun 1996, Hyundai na da Bluelink. Akwatin yana haɗe da kwamfutocin motar, saboda haka ya san gudun da ka yi, da lokacin da ka taka birki da ƙarfi, da yawan man da ke tanki, da ko ka ɗaura bel, da sa'ar da ka tayar da ita da sa'ar da ka kashe. Inda kake kuma GPS ne ke faɗa masa.

A nan ne mutane suka fi ruɗewa. Tauraron ɗan'adam ba ya ganin motarka. GPS kunne ne, ba baki ba: yana sauraren taurari ya lissafa inda yake, shi ke nan. Bakin shi ne sim ɗin nan, kuma ba ya iya cewa uffan sai ya samu rezo, kamar dai wayar da ke aljihunka. Idan ka riƙe wannan, ka riƙe rabin aikin, domin baki za mu toshe, kunnen mu bar shi ya ci gaba da nuna maka hanya.

Maganar ɗan Alhaji tana da tushe. A watan Satumba na 2023 gidauniyar Mozilla ta binciki kamfanonin mota 25, ba ko ɗaya da ya tsallake ma'auninta na kare sirrin mai mota. A Maris na 2024 jaridar New York Times ta fallasa cewa GM na miƙa bayanan tuƙin mutane ga kamfanonin da ke sayar wa masu inshora, har wasu suka ga an ƙara musu kuɗi ba su san dalili ba. A Mayun 2023 Toyota da kanta ta amsa cewa bayanan motocin mutum sama da miliyan 2 a Japan sun yi kusan shekara 10 a buɗe a intanet saboda kuskuren saiti. A ƙarshen 2024 irin haka ta faru da motoci masu lantarki kusan 800,000 na rukunin Volkswagen, har da wuraren da suke kwana. Tun 2015 ma wasu masana biyu a Amurka suka shiga wata Jeep Cherokee daga nesa ta wannan ƙofar, suka katse mata ƙarfin tafiya tana kan titi, abin da ya sa aka kira motoci miliyan 1.4 gyara.

Amma waɗannan duka a ƙasashen da aka sayar da motocin ne. Motar da ta ƙetaro teku, ta sauka Kwatano ko Lome, ta sha ƙurar hanya har ta iso Maraɗi, labarinta daban ne, kuma shi ya sa ba na fara kwance komai sai na san ko tana magana.

Kafin wannan ma akwai abin da ba na tsallakewa: takardu. Kart giriz, wato takardar mallakar mota, da katin shaidar mai ita, suna ya zo ɗaya. Direban ƙungiya ko na kamfani da ya zo shi kaɗai ya ce in cire masa abin da ke nuna inda yake, sai in ce ya turo maigidansa. Wanda ya karɓi mota bashi yana biya kaɗan-kaɗan, motar ba ta zama tasa ba tukuna. Wanda kuma ya zo da magariba da mota ba lamba yana cewa a yi sauri, shayi kawai zai sha ya tafi. Garin nan kusa da iyaka yake, kowa ya san irin motocin da kan ɓullo, kuma ba ni da sha'awar kwana a kamisariya.

Idan takardu sun yi daidai, sai in leƙa lambar jikin mota ta ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba. Haruffa da lambobi 17 ne. Na farkon yana faɗin inda aka ƙera ta: 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, J Japan, K Koriya, W Jamus, L China. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na 10 shi ne shekara: A 2010 ce, J 2018, K 2019, L 2020, haka dai. Ina duba wannan ne domin dillali zai iya ce maka 2020 alhali 2016 ce aka sauya wa fitilu. Tsofaffin Corolla da Starlet da Hiace da suka cika tashoshinmu ba su da wannan akwati sam, masu su su kwantar da hankalinsu. Motar da ba ta da maɓallin SOS a rufi, ba ta da eriya mai kama da ƙayar bayan kifi a sama, da wuya a samu wani abu a cikinta daga masana'anta.

Shekarar tana da amfani ta wata fuskar. A 2022 manyan kamfanonin waya na Amurka suka rufe 3G ɗinsu, AT&T a Fabrairu, Verizon a ƙarshen Disamba. Motoci masu yawa da aka ƙera kafin wajen 2018 da shi suke aiki, don haka tun suna can bakinsu ya mutu. Wasu tsofaffin ma da tsarin CDMA aka yi su, wanda bai jituwa da rezon wayoyinmu. Su kuwa masu 4G, sim ɗin na kamfanin wayar Amurka ne, ba zai hau rezon Airtel ko Moov ko Zamani ba sai idan akwai yarjejeniya tsakaninsu kuma masu motar sun buɗe masa wannan hanya. Motocin Turai kuma, tun 31 ga Maris 2018 doka ta tilasta wa kowane sabon samfuri ya zo da na'urar da ke kiran 112 idan an yi haɗari. Wadda aka yi don wannan kaɗai barci take, ba ta tashi sai jakar iska ta fashe ko an danna maɓallin. Sai dai kamfanoni da yawa sun ɗora nasu hidimomin a kan akwatin guda, shi ya sa ba na yarda da ita a ka.

Gwajin farko ba ya buƙatar ko turnabis. Ka kunna kontak ka kalli 'yar fitilar da ke gefen SOS. A Toyota, kore na nufin hidimar tana aiki, ja na nufin akwai matsala, idan ba ta kama ba kwata-kwata hidimar a rufe take. Ka duba saman allon rediyo ko akwai 'yan sandunan rezo alhali ba ka haɗa wayarka ba. A motar Alhaji fitilar ba ta kama ba, sanduna babu. Na ce masa, "Alhaji, wannan dai bebiya ce a ƙasar nan." Ya ce to a bar ta? Na ce ya danganta. Bebe a Maraɗi ba lallai ya zama bebe a ko'ina ba, kuma shi mutum ne mai ƙetare iyaka. Ban da haka, akwatin da ya rasa rezo wani lokaci ba ya haƙura, sai ya yi ta nema dare da rana, ya hana motar barci, ya tsotse batir. Mota ta kwana uku a ajiye ta ƙi tashi, a ɗora wa zafin watan Afrilu laifi, a sayi sabon batir, bayan wata biyu a koma gidan jiya. Ya ce a rufe shi gaba ɗaya.

Ina farawa daga abin da ake iya mayarwa cikin minti ɗaya, in gangara zuwa mai wahala. Almakashi ba ya cikin kayan wannan aikin.

Da farko allon rediyo. Ka shiga saiti ka nemi wurin da ake maganar sirri ko raba bayanai ko haɗin intanet, ka kashe duk abin da ake iya kashewa. Sannan ka mayar da rediyon yadda ya fito daga masana'anta. Za ka yi mamakin abin da ke ciki: lambobin wayar Baturen da ya fara mallakarta, adireshin gidansa, wurin aikinsa. Kamar yadda nasa ya zauna, haka naka zai zauna ranar da ka sayar. Kuma motar da tsohon mai ita bai cire daga manhajar wayarsa ba, muddin ta samu rezo zai iya ganin inda take, a wasu ma ya buɗe ƙofa. Amma kada ka ɗauka kashewa a allo ya gama magana. Roƙo ne kawai ka yi wa na'urar, sim ɗin na nan da ransa.

Na biyu fizibil, wanda 'yan'uwanmu na Katsina ke ce wa fiyus. Ka kashe mota, ka zare makulli, ka buɗe akwatin fizibil na ƙarƙashin sitiyari ko na cikin kapo. A bayan murfin akwai zane. Ka nemi DCM, ko TCU, ko TELEMATICS, ko ONSTAR, a wasu tsofaffin Toyota da Lexus kuma MAYDAY. Ƙarami ne, yawanci amfiya 5 zuwa 10. Ka zare shi da ɗan matsen roba da ke cikin akwatin, ba da filaya ba, ka manna shi da salatif a cikin murfin don kada ya ɓata. Idan ka yi sa'a nan aikin ya ƙare. Sai dai ka lura da abu biyu. Akwatin yana da ɗan batir nasa na ko-ta-kwana, wanda aka sa domin ya iya kira ko da haɗari ya tsinke babban batir, saboda haka ba ya mutuwa nan take, sai ka ba shi lokaci. Sannan a motoci da yawa fizibil ɗin na tarayya ne, kana zare shi sai ka ga makullin nesa ya daina aiki ko fitilar rufi ta mutu. Idan haka ta faru, mayar da shi, ka wuce gaba.

Akwai kuma wani tarko da ni kaina na taɓa faɗawa. Farkon da na yi wannan aikin, na zare fizibil, mai mota ya biya ya tafi yana sa mini albarka. Washegari sai ga shi ya dawo ransa a ɓace: idan ya amsa kira ta rediyon mota yana jin mutum, mutum ba ya jin sa, kuma lasifikar gaba ɗaya ta yi shiru. Laifina ne, ban karanta zanen wayoyin ba. A motoci da dama, har da Toyota na 'yan shekarun nan, wayar makirfo da ta lasifika ɗaya ta cikin akwatin nan suke bi kafin su isa rediyo, domin idan aka yi haɗari ya ƙwace su ya yi magana da kai. Ka kashe shi, ka kashe su. Maganinsa ɗan soket ne na tsallake da ake sayarwa, wanda ke haɗa wayoyin kai tsaye, ko kuma mai zane a hannu ya haɗa su da kansa. Tun daga ranar, kafin in taɓa komai sai na sa mai mota ya kira wani ta rediyon, bayan na gama ya sake kira.

Na uku, kuma shi na fi so, eriya. A nan akwatin yana nan da wutarsa, makirfo na aiki, lasifika na aiki, motar ba ta san an yi komai ba sosai, amma muryarsa ba ta fita. Sai an kai gare shi, kuma a nan ne ake buƙatar haƙuri. Kashe mota, ka kwance kan batir na ragi da kile mai lamba 10, ka jira aƙalla minti 2 kafin ka sa hannu a bayan tabulo, saboda jakar iska tana riƙe wuta na ɗan lokaci. Duk soket ko waya mai launin rawaya ta jakar iska ce, ba ruwanka da ita. Idan motar mai haɗin fetur da lantarki ce, manyan wayoyi masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ke kisa, ko kusa da su kada ka je. Robobin tabulo kuma ranar garin nan ta riga ta gasa su, sun bushe kamar ƙanzo. Da abin ɓanɓara na roba ake ɓalle su, a hankali. Wanda ya sa turnabis zai biya kuɗin roba.

Inda akwatin yake ya bambanta: bayan rediyo, bayan akwatin da ke gaban fasinja, ƙarƙashin kujera, gefen kofur, a wasu motocin Jamus ma can cikin rufi ƙarƙashin eriyar. Abin da ke tona shi takardar da ke manne a jikinsa. Idan ka ga IMEI da lambobi 15, irin na kwalin salula, ka same shi. Ka ɗauki hoto kafin ka zare komai. Za ka ga babban soket mai wayoyi da yawa, sai ƙananan sokoki zagayayyu masu launi, su ne na eriya. A tsarin da yawancin kamfanoni ke bi, shuɗi na GPS ne, mai ruwan hoda-duhu kamar na makuba na salula ne, baƙi ko fari na rediyo. Ba kowa ke bin wannan tsari ba, don haka ka karanta rubutun da ke jikin akwatin. Na salula galibi biyu ne, babba da mataimaki. Wanda ya zare ɗaya ya bar ɗaya bai yi komai ba.

Zarewa kaɗai kuma ba ta isa. Ɗan ƙarfen da ya rage a bakin soket yana iya kama rezo idan ka tsaya gindin dogon ƙarfen kamfanin waya, ga su nan birjik a cikin gari. Abin da ake yi shi ne a toshe bakin da 'yar makari mai om 50, wadda ke shanye siginar ta mayar da ita ɗumi. Ana yin odarta, mai hannu kuma zai iya haɗa ta da rezistans mai om 51 da tsohon soket. Wani amfaninta, akwatin yana ɗauka eriyarsa na nan, ba ya cika damun ka da ƙorafi a allo. Wasu akwatunan suna da ƙaramar eriya ta ɓoye a cikinsu saboda ranar da mota ta kife ta karya ta sama. Irin waɗannan, toshe waje ba ya rufe su ruf, sai an koma ga wuta.

Na huɗu shi ne zare babban soket gaba ɗaya, kuma ba na yin sa sai ina da zanen wayoyin wannan motar takamaimai. A wasu motocin GM layin da kwamfutoci ke zance da juna ta cikin akwatin ya ratsa, kana zare shi motar ta ƙi tashi ko tabulo ya cika da fitilu. A wasu BMW da Mercedes kuma zoben waya mai haske ne ya bi ta ciki, idan ya yanke duk sautin motar ya ɗauke sai an sa abin da zai rufe zoben. Duk hanyar da ka bi, a ƙarshe ka mayar da batir, ka sa valiz, na'urar da ke karanta matsalolin kwamfutar mota, ka karanta. Za ka ga ƙorafi ɗaya ko biyu cewa an rasa akwatin ko eriyarsa. Wannan ba ya hana tafiya. Idan fitilar jakar iska ko ta birki ce ta kama, wani abu ka taɓa da bai kamata ba, koma ka duba.

Motar Alhaji eriya muka toshe. Da na zo gwajin ƙarshe ne abin ya sauya. Nakan auna wutar da mota ke sha tana kashe: a sa miltimetir a ma'aunin amfiya 10 tsakanin kan batir na ragi da wayarsa, a rufe ƙofofi, a ajiye makulli nesa, a jira kamar minti 30 ta yi barci. Kada a kuskura a tayar da ita mita na haɗe. Lafiyayyar mota ba ta wuce miliamfiya 50. Tasa ta tsaya sama da haka, kuma lokaci-lokaci sai allurar ta yi tsalle ta dawo. Yarona ya kawo 'yar rediyonmu ta garaji kusa da sitiyari, sai ga ƙarar nan da kowa ya sani, tit-tirit-tit-tirit, irin wadda lasifikar masallaci ke yi idan wayar ladan za ta yi ƙara. Wani abu a motar yana kira, kuma ba wanda muka toshe ba ne.

A bayan robar ƙarƙashin sitiyari muka same shi, an naɗe shi da baƙin salatif a jikin damin wayoyi. Ɗan baƙin abu kamar kwalin ashana, wayoyi huɗu, da rele, ɗan makunnin da ke yanke wuta, a gefe. Na buɗe shi, ga sim na gida, irin wanda ake sayarwa a bakin kasuwa, da ransa. Alhaji ya yi salati, ya zauna a kan benci.

Wannan shi ne abin da nake so mutanen garin nan su fi damuwa da shi. Kamfanin da ke Amurka ko Japan bai san ranar kasuwar Maraɗi Litinin ce da Juma'a ba, bai kuma damu ba. Wanda ya sa maka tiraka, wato na'urar bibiyar mota irin wannan, da sim na gida kuwa ya san ka, ya san gidanka. Ana samun su iri uku. Akwai waɗanda dillalan Amurka masu sayar da mota bashi ke sawa, su taho da motar har nan, sim ɗinsu ya mutu amma suna shan batir. Akwai masu shiga soket ɗin valiz kai tsaye, wancan mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, waɗannan zarewa kawai ake yi. Sai na gida, wanda tsohon mai mota ya sa saboda ɓarayi, ko wani ya sa da wata manufa. Wuraren dubawa: bayan robar sitiyari, bayan rediyo, bayan akwatin fizibil, ƙarƙashin kujeru, gefen kofur. Masu maganaɗisu da batir nasu kuma a ƙarƙashin mota ake liƙa su ko cikin bamba. Masana'anta ba ta naɗa waya da salatif ɗin kasuwa, ba ta fere waya ta murɗa wata a kai. Duk inda ka ga haka, bi wayar har ƙarshenta.

Cire shi yana da nasa sharaɗi. Relen nan an yanke wayar famfon mai ko ta kontak ne aka ratsa ta cikinsa, domin mai tirakar ya iya kashe motar da saƙon waya. Idan ka fizge shi kawai, motar ba za ta tashi ba. Sai ka gano bakin wayar biyu da aka yanke, launinsu ɗaya, ka haɗa su da dalma, ka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗawa da hannu ba ta jure hanyar Dakwaro. Ka sani kuma yawancinsu suna da ɗan batir a ciki, kuma da zarar an yanke musu wuta suna tura saƙo ga mai su. Idan kana zargin mugun nufi ne, kada ka yi aikin a ƙofar gidanka, kada kuma ka jefar da sim ɗin. Layi a ƙasar nan da katin shaida ake yi masa rajista, jami'an tsaro za su iya gano mai shi. Muna da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita, bibiyar mutum a ɓoye ba abin da za a share ba ne.

Na Alhaji dai da sauƙi ya zo. Ya kira wanda ya sayar masa da motar a Yamai, mutumin ya yi ta ba da haƙuri, ya ce shi ya sa tun tana hannunsa, ya manta, kuma layin yana cikin waɗanda yaronsa ke zuba wa kuɗi duk wata. Wata bakwai ke nan duk inda Alhaji ya kwana yana cikin wayar wani.

Abin da ake rasawa idan an rufe akwatin masana'anta ba shi da yawa a wurinmu. Kiran gaggawa na kai tsaye dama ba ya zuwa ko'ina daga hanyar Tasawa. Tayar da mota ta manhaja da sabunta kwamfutarta daga nesa su ma sun tafi. Wanda ya sayi sabuwa dal daga wakilin kamfani tana da garanti, ya tambaye su kafin ya taɓa. Abin da ke ajiye a cikin motar kuwa yana nan: kwamfutar jakar iska tana riƙe 'yan daƙiƙun da suka gabaci haɗari, amma ba ta aika wa kowa, sai an zo an jona mata na'ura. Rediyon Android da ake sawa a kasuwa, mai ramin sim ko mai hawa intanet ɗin wayarka, shi ma baki ne, kuma da hannunka ka saka shi. Idan ka haɗa waya ta Bluetooth ta tambaye ka ko ta miƙa lambobin mutanenka, ka ce a'a, kira zai yi aiki duk da haka. Ita kanta wayar aljihun, da Google da Facebook da ke cikinta, ta fi motar sanin inda kake, wannan kuma ba aikin garaji ba ne.

Da muka gama ɗaure robobi, Alhaji ya ɗauki tirakar yana jujjuya ta a hannu. Can ya ce, "Malam, to idan ni na sa nawa layin fa?" Dariya ta kama ni, amma tambayar mai hankali ce, satar mota ba wasa ba ce. Na ce ana yi, da sharaɗi uku. A goge lambar tsohon mai ita daga cikinta. A sauya lambar sirri, domin yawancin waɗannan da 123456 suke zuwa kuma ba mai sauyawa, duk wanda ya san lambar layin zai iya tura saƙo ta amsa masa da inda motar take. Sannan a rufe mata intanet a bar ta da saƙon waya kaɗai, don kada ta riƙa aika tafiyarsa ga wata kwamfuta a ƙasar da bai sani ba. Ya aiki yarona ya sayo sabon layi da katinsa, muka sa, na sauya mata maɓoya zuwa inda ni da shi kaɗai muka sani. Relen kuwa na ce a bar shi a cire, ba na son abin da zai iya kashe mota tana gudu a kan kwalta. Ya tura saƙon gwaji yana tsaye a bakin garaji, amsa ta dawo, ya buɗe taswirar, ta nuna shi a tsallaken titi wajen mai tsire.